Adireshin Dindindin a Kan Layin Kati: Mu Fahimta Kafin Mu Yi Karo-Karo

'Yan'uwa malamai, a zangon karatun da ya gabata ƙungiyar tsofaffin ɗaliban makarantarmu ta yi mana abin arziki. Bayan ɓarayi sun ɓalle ofishin hedimasta har sau biyu sun kwashe batiran sola, sai tsofaffin ɗaliban suka sayo kyamarori huɗu da na'urar da ke naɗar hotunansu. Aka kafa ɗaya a bakin ƙofar shiga, ɗaya a gaban ofis, biyu kuma suna kallon filin taro da sito. Manufar ita ce hedimasta da shugaban kwamitin kula da makaranta su riƙa leƙa makarantar ta wayoyinsu da dare da kuma lokacin hutu. Domin haka aka sayi ƙaramar na'urar rarraba intanet, aka sa mata sim irin wanda kowa ke loda wa kati, aka saya mata data ta wata guda.

Ranar gwaji mun taru a ofis, hoto ya fito tangaran a wayar hedimasta, muka yi murna. Da ya isa gida ya buɗe wayar, babu abin da ya gani sai wata 'yar da'ira tana ta juyawa. Washegari aka kira wanda ya haɗa kayan. Ya ce shi aikinsa ya kammala, abin da ya rage shi ne mu samo wa layin adireshin IP na dindindin, wanda masu sana'ar ke ce wa sitatik. Babu ɗayanmu da ya san ma'anar wannan magana, kuma babu wanda ya tambaya, domin mu malamai ba mu cika son a ga ba mu sani ba.

Sau uku muka aika ofishin kamfanin layin. A zuwan farko aka ce mu sayi data mai yawa, komai zai daidaita. Muka saya, bai daidaita ba. A zuwa na biyu ma'aikaciyar ta ce ba ta taɓa jin irin wannan buƙata ba. Sai a na uku wani ya faɗa mana gaskiya, cewa ba su ba da irin wannan adireshi a layin kati, sai a layin kamfanoni da hukumomi, wanda ake biya duk ƙarshen wata. Tsakanin zuwa na biyu da na uku kuwa, wani matashi a kasuwar waya ya karɓi kuɗinmu, ya shiga saitin na'urar ya rubuta wasu lambobi, ya ce ya kafe adireshin. Duk kuɗin nan, daga na data zuwa na matashin da na mota, karo-karon malamai ne.

Mun ji cewa wasu makarantun reshen nan sun kama wannan hanya, wasu saboda kyamara, wasu saboda kwamfutar ofis da ake son a riƙa buɗe rajistar ɗalibai da sakamakon jarrabawa a cikinta daga nesa. Shi ya sa muka ga ya dace mu faɗi ra'ayinmu. Layin kati ba a gina shi domin wannan aiki ba. Yawancin makarantunmu ba su buƙatar adireshin dindindin ko kaɗan. Wadda kuma take buƙatarsa da gaske, hukumar ilimi ce ya kamata ta nema da sunanta, ta biya daga asusunta, malami ya tsira da lambar NIN ɗinsa da aljihunsa.

Bari mu fara da abin da muka ji kunyar tambaya. Duk na'urar da ta hau intanet tana buƙatar adireshi, domin saƙo ya san inda zai je da inda amsa za ta komo. A tsarin da aka fi amfani da shi, wato IPv4, adireshin lambobi huɗu ne da ɗigo a tsakaninsu, kowace lamba daga 0 zuwa 255. Idan aka lissafa, iyakar adireshin da tsarin zai iya samarwa bai wuce kimanin biliyan 4.3 ba. A farkon shekarun 1980, lokacin da aka tsara shi, an ɗauka wannan adadi ba zai taɓa ƙarewa ba. Yau mutanen duniya sun haura biliyan 8, kuma mutum ɗaya yana iya riƙe waya biyu da kwamfuta. A watan Fabrairun 2011 hukumar IANA, mai kula da babban rumbun adireshin na duniya, ta raba ragowar abin da ke hannunta ga hukumomin shiyya guda biyar. Ta nahiyarmu ita ce AFRINIC, mai hedikwata a tsibirin Morishus, ita ma da tsimi take rabawa. Abin da ya yi ƙaranci kuwa tsada yake yi, har ta kai yau ana saye da sayar da adireshin nan, ana kuma ba da hayarsa.

Kamfanin waya mai miliyoyin masu hulɗa ba zai iya ba kowane sim adireshinsa na kansa ba, saboda haka yake amfani da dabaru biyu. Ta farko ita ce aro: idan na'urarka ta hau intanet a ba ta adireshi, idan ta sauka a karɓe a ba wani, gobe kuma a ba ta wani daban. Ta biyu ita ce tarayya, wadda ake kira CGNAT: a tara mutane masu yawa a bayan adireshin waje guda ɗaya, kowannensu a ba shi lambar cikin gida wadda ba wanda ya san da ita sai kamfanin.

Waɗanda suka tashi a ƙauye a zamanin wasiƙa za su tuna yadda gari guda ke amfani da akwatin gidan waya na makarantar firamare. Ɗan da ke aiki a Legas zai rubuta sunan mahaifinsa, ya ƙara da cewa ta hannun hedimasta. Haka CGNAT take, sai dai hedimastan nan yana da wata doka mai tsauri: ba ya karɓar wasiƙa sai wadda take amsa ce ga wadda wani ɗan garin ya aika tun farko, domin da rajistar wasiƙun da suka fita yake gane mai ita. Shi ya sa WhatsApp da YouTube ke aiki lafiya a layin kati, tunda wayarka ce ke fara magana, amsa ta biyo baya. Amma idan wayar hedimasta daga gida ta zo tana sallama tana neman kyamarar makaranta, baƙuwar wasiƙa ce da babu ita a rajista, sai a yar da ita a bakin ƙofa.

Ke nan abu biyu muke nema ba mu sani ba, muna kiransu da suna ɗaya. Muna son adireshin da ba ya sauyawa, muna kuma son adireshin waje wanda namu ne mu kaɗai, wanda za a iya ƙwanƙwasa mana ƙofa ta kansa. Layin kati a galibin kamfanoni ba ya ba da ko ɗaya daga cikin biyun, kuma yawan datar da ka saya ba ya canza komai a nan.

Kowace makaranta tana iya gwada layinta cikin minti biyar. A shiga shafin saitin na'urar rarraba intanet a duba adireshin da kamfani ya ba ta. Sannan a buɗe ɗaya daga cikin shafukan intanet da ke nuna wa mutum adireshin da duniya ke ganinsa da shi. Idan lambobin biyu sun bambanta, ana bayan adireshin tarayya. Haka kuma idan na cikin na'urar ya fara da 10, ko ya faɗo tsakanin 100.64 da 100.127, to lambar cikin gida ce; wannan zango na biyun ma an keɓe shi ne a 2012 musamman domin CGNAT.

Da mun san wannan, da matashin kasuwar waya bai ci kuɗinmu ba. Abin da ya yi shi ne kafe wa na'urar naɗar hoto lamba mai farawa da 192.168, wadda ba ta aiki sai a cikin harabar makaranta. Ya rubuta wa ɗaki lamba a cikin gidan da ba shi da lamba a bakin titi. Akwai kuma masu cewa a yi rajistar DDNS, wato a ba na'ura suna wanda zai riƙa bin adireshinta duk inda ya sauya. Dabara ce mai kyau ga wanda matsalarsa sauyawar adireshi ce kaɗai. Ga wanda ke bayan adireshin tarayya, sunan zai kai baƙo ne bakin ƙofar kamfani, inda za a mayar da shi. Wasu kuma sukan ce a canza APN, wato sunan mashigar da sim ke bi ya hau intanet. Gaskiya ne layin da ke da adireshin dindindin yakan bi ta mashiga ta musamman, amma sai kamfani ya buɗe wa sim ɗin wannan mashiga daga wajensa. Rubuta sunanta a saiti ba tare da haka ba, sau da yawa katse intanet ɗin ma yake yi gaba ɗaya.

To mece ce mafita? Tunda ƙofar tana barin na ciki ya fara magana, hanya mafi sauƙi ita ce a sa na'urar makaranta ta riƙa fara maganar. Yawancin na'urorin naɗar hoto na yanzu suna zuwa da wannan tsari: na'urar takan haɗa kanta da kwamfutocin kamfanin da ya ƙera ta, wayar hedimasta ita ma ta je can, a sada su. Abin da ake buƙata kawai shi ne a kunna tsarin, a ɗauki hoton tambarin QR da ke jikin na'urar da manhajar kamfanin. Ga kwamfutar ofis kuma akwai manhajoji irin su Tailscale da ZeroTier, waɗanda ke haɗa na'urori biyu ta ɓoyayyiyar hanya ko da dukansu suna bayan adireshin tarayya, kuma suna da tsarin kyauta ga mai na'urori kaɗan. Akwai hanya ta uku, a yi hayar wata kwamfuta a intanet mai adireshin dindindin a riƙa bi ta kanta, sai dai wannan yana buƙatar gwani da biyan kuɗi duk wata, sau da yawa da dala. Ta huɗu ita ce wadda ma'aikacin nan ya faɗa mana, layin hukuma mai yarjejeniya a rubuce. Shi ya dace da wurin da dole sai an san shi da adireshi guda, misali inda wani shafin hukuma ba ya buɗuwa sai ga adireshin da aka yi wa rajista. Maganin dindindin na ƙarancin kuwa shi ne sabon tsarin IPv6, wanda adireshinsa ya wadaci kowace na'ura a duniya, amma ba ya amfani sai layin makaranta da na mai kallo duk sun hau kansa.

Ko an warware batun adireshi, akwai lissafin da wanda ya haɗa mana kaya bai yi mana ba, kuma lissafi ne da ɗan aji shida zai iya. Kyamarar da ke aika hoto a kan megabit 1 a daƙiƙa tana cin megabait 450 a awa guda. A yini da kwana ya zama gigabait 10.8. Kyamarori huɗu, idan aka bar su suna aikawa ba tsayawa, sun haura gigabait 43 a rana. Mu tuna kuma cewa a watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data da abin da ya kai kashi 50 cikin 100. Wanda ya ba da kyautar kyamara ya biya sau ɗaya ya tafi da godiya. Data kuwa kowane wata take neman mai biya, kuma mun san wanda ake juyowa a kalla idan ta ƙare.

Akwai abin da ya fi kuɗi nauyi. Adireshin waje na dindindin ƙofa ce a bakin babban titi, kuma ba hedimasta kaɗai zai ƙwanƙwasa ta ba. Dare da rana akwai manhajojin da ke zagaya adireshin duniya suna gwada ƙofofi. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta mamaye ɗaruruwan dubban kyamarori da na'urorin rarraba intanet, ba da wata gwaninta ba illa gwada sunaye da kalmomin sirrin da masana'anta ke sa wa kaya, waɗanda masu saye ba su canza ba. A watan Oktoban shekarar aka yi amfani da na'urorin da ta kama wajen kai hari kan kamfanin Dyn, abin da ya hana mutane da yawa a Amurka buɗe manyan shafuka irin su Twitter da Netflix. Mu abin da ke bayan ƙofarmu hotunan yara ne: lokacin da suke shigowa, lokacin da suke tashi, ƙofar da suke bi, da sa'ar da maigadi ke barin wurinsa. A wannan yanki da muka san abin da satar ɗalibai ta jawo wa iyaye da malamai, kyamarar da baƙo zai iya buɗewa ta fi rashin kyamara haɗari. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa duk mai tara bayanan mutane alhakin tsare su, ta kuma ba bayanan yara kulawa ta musamman. Idan hotunan suka fita, za a tambayi wanda ke riƙe da su.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da ta fi shafar mu a matsayinmu na ma'aikata: sim ɗin da sunan wa yake? Tun watan Disamban 2020 gwamnati ta wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN. A makarantarmu, malamin da aka aika kasuwa shi ya ba da tasa lambar, domin shi ne a wurin. A idon kamfani da na hukuma, layin nasa ne, kuma duk abin da aka aikata ta kansa shi za a fara nema. Idan aka yi masa canjin wurin aiki, ko dai ya tafi da layin makaranta, ko ya bar sunansa a hannun mutanen da ba ya tare da su. Idan layin ya lalace, ba wanda zai iya sabunta shi sai shi. Idan kuma aka daɗe ba a yi amfani da shi ba, kamfani yana iya karɓe lambar ya ba wani. Wannan shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Mun san abin da wasu 'yan'uwa za su ce, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Za su ce idan muka tsaya jiran ofis sai an sake ɓalle sito, kuma da taimakon kai da kai muka saba sayen alli da gyara benci. Ba mu musa ba, kuma ba mu ce a mayar wa tsofaffin ɗalibai kyautarsu ba. Amma alli ana saye ne a gama. Layin intanet alƙawari ne na kowane wata, da suna a rajista, da alhaki a gaban doka, kuma irin wannan kaya hukuma ce ke da wuyan ɗaukarsa. Hanyoyin kuɗin ma akwai su. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware aƙalla kashi 2 cikin 100 na asusun haɗakar kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin ilimin matakin farko, wanda hukumar UBEC ke rabawa ta hannun hukumomin SUBEB na jihohi. Dokar sadarwa ta 2003 kuma ta kafa asusun USPF domin kai hanyoyin sadarwa wuraren da ba su wadata ba. Hukumar da za ta yi ciniki da kamfanin waya a madadin ɗaruruwan makarantu za ta samu farashi da kulawar da malami ɗaya a bakin kanta ba zai taɓa samu ba.

Saboda haka muna ba reshenmu shawara huɗu. Na ɗaya, kada a sake haɗa karo-karon malamai domin neman adireshin dindindin a layin kati. A fara yin gwajin minti biyar ɗin nan, a kuma duba ko na'urar tana da hanyarta ta haɗawa. Na biyu, kada a biya mai haɗa kaya cikon kuɗinsa sai an fita harabar makaranta an buɗe hoton da wata waya a kan wani layi daban, an kuma canza kalmar sirrin masana'anta a gaban hedimasta. In ba haka ba cinikin biri a sama aka yi. Na uku, shugabannin reshe su rubuta wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma cewa duk layin da makaranta za ta yi aiki da shi a yi masa rajista da sunan hukuma, da bayanin wanda zai riƙa biyan kuɗinsa. Na huɗu, a ware rabin awa a taron reshe na gaba, a gayyato ɗaya daga cikin malamanmu na kwamfuta ya nuna wa wakilan makarantu waɗannan abubuwa a aikace. Wanda kuma aka sayar wa data bisa alƙawarin da ba a cika ba, ya fara kai kuka ga kamfanin, idan ba a share masa hawaye ba ya kira NCC a lamba 622, kyauta ne.

A makarantarmu dai, a ƙarshe wani malaminmu na aji biyar ne ya zauna da littafin da ya zo cikin kwalin na'urar, ya kunna hanyar QR, ya canza kalmar sirri, ya rage ƙarfin hoton da ake aikawa waya. Na'urar tana naɗar komai a cikinta, hedimasta kuma yana leƙawa na 'yan mintuna da dare ya rufe. Ba mu samu adireshin dindindin ba, kuma ta tabbata ba mu taɓa buƙatarsa ba. Sim ɗin kuwa har yau da sunan ɗan'uwanmu yake, datar wannan watan ma shi ya ranta. Wannan ne za mu kawo gaban taron reshe, muna kuma roƙon duk makarantar da ke cikin irin halinmu ta zo da nata bayanin a rubuce.